Ɗakin da Muka Gani Ran Lahadi

Talata, da hantsi

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya a bakin gareji ba. Wanda ya yi ya san ya yi, wanda aka yi wa ya sani, ni kuma ina tsaye da bokitin shanya a hannu, na gani da idanuna. Ya isa haka.

Abin da zan rubuta shi ne, zaman gidan nan ya ƙare mini. Ko ƙarƙashin gada ne gara can.

Da mijina Dogo ya samu aiki a shagon tabarau muka tattaro muka taho birni, daga mu sai katifa da akwatuna da takarduna na koyarwa. Yaya, wansa da ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya ce haya kuma ta me, ga ɗaki a bayan gida ba kowa a ciki. Kowa ya ce mun taki sa'a, har da ni. Unguwar masu hali ce, titi shimfiɗe, ruwa ba ya yankewa, ko kukan kaza ba ka ji. Tagarmu tana kallon gareji, shi ya sa kullum da sassafe nake kallon mijina yana wanke motocin Yaya kafin ya tafi nasa aikin. Ba wanda ya taɓa cewa aikinsa ne. Ran farko ya yi don kara, washegari aka ajiye masa soso.

Mutumin da na aura in ya yi dariya sai maƙwabta sun leƙo. A nan ko tari zai yi sai ya shiga banɗaki. Yaya ba ya kiransa da komai sai Auta. Ga gemu, ga mata, amma Auta.

Yau ya tafi aiki da tabarau ɗaure da salatif. Mai gyara na mutane ke nan.

Laraba, da safe

Ya wanke motocin. Kumburin kuncinsa bai sauka ba.

Alhamis, da yamma

Na bari ya ci abinci tukuna, don na san shi, in yana jin yunwa kunnensa toshewa yake yi. Sannan na ce, "Dogo, mu nemi haya."

Ya ce, "Malama, rage murya."

Abin da ya fara fitowa daga bakinsa ke nan. Ba "e" ba, ba "a'a" ba. Rage murya. Na ce a ɗakin aurena ma sai na yi raɗa? Ya nuna mini bango da haɓa, wai kicin na bayansa.

"Yaya uba ne a wurina," in ji shi. "Shi ya kai ni makaranta, shi ya tsaya a aurenmu. Ransa ne ya ɓaci rannan. Kin san shi ai."

Na ce, "Na san shi. Kai ne na fara mantawa."

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya goge, ya goge, kamar gilashin ne ya yi masa laifi. Can ya ce, "To mu duba. Dubawa kawai fa."

Na karɓa. Amma na kafa sharaɗi ɗaya: ba zan je ganin gida ni kaɗai ba. Duk ƙofar da zan shiga, ƙafarsa ce a gaba, don kada gobe dangi su ce matar ce ta ja shi da igiya. Tunda shagon ba ya rufewa sai Lahadi, ran Lahadi za mu riƙa fita.

Asabar, da rana

Anti, matar Yaya, ta tare ni a kicin ina yanka albasa.

"Amarya, kwana biyu kin daina shigowa gaisuwar safe."

Na ce kaina ke ciwo.

"Ciwon kan nan na san shi," ta ce, ta ja kujera. "Ki ji shawarata, ba ruwanki da abin da ke tsakanin wa da ƙane. Gobe za ki gan su suna dariya, ke ki zama bare. Ni da kike gani na ga abin da ya fi wannan a gidan nan, na haɗiye. Ga ni kuwa ban mutu ba."

Na ɗago na kalle ta. Ba ta mutu ba kam. Tana jin ƙarar hon ɗin motar Yaya a bakin get ta miƙe har tana tuntuɓe da kujerar, ta gyara ɗankwali, ta kashe rediyo. Ba muguwa ba ce Anti. Shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro.

Lahadi, bayan mun dawo

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Dillalin da abokin aikin Dogo ya haɗa mu da shi gajere ne, waya biyu a hannu, makullai a ƙugu kamar mai gadin kurkuku. Komai a wurinsa "nan kusa ne". Mun yi tafiyar da ta kusa cinye mini takalmi muna zuwa nan kusa.

Na farko bene ne, kusa da shagon su Dogo. Ɗaki mai haske, amma ruwa ba ya hawa sama, sai dai ni in hau da shi. Wannan zan iya. Abin da ba zan iya ba shi ne mai gidan, da ke zaune a ƙasa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara karanto doka: rana na faɗuwa yana rufe get, baƙo ba ya kwana, ba a shanya a baranda. Na ga Dogo ya haɗa hannaye a baya yana "to, ranka ya daɗe, to." Na ja hannun rigarsa muka fito. Wani Yayan ne wannan, har ma sai mun biya shi.

Na biyu can bayan gari ne, inda kwalta ta gaji ta tsaya. Sabon gini, fili, iska. Amma mota biyu zai shiga kafin ya isa aiki, ni kuma babu makarantar da zan nemi koyarwa sai dai in tara awaki in koya musu baƙi.

Na uku gidan haya ne na mutane da yawa, banɗaki ɗaya, bokitai sun yi layi a ƙofarsa suna jiran masu su. Wata mata tana leƙen mu ta labule, ta ƙare mini kallo tun daga ɗankwali har takalmi.

Abin da ya ɓata mini rai ba gidajen ba ne. Duk wanda muka fito daga ciki sai in ga fuskar Dogo ta saki, yana cewa, "Kin gani ko? Ba sauƙi." Murna yake yi ba mu samu ba. Yana tsammanin ban lura ba.

Litinin, da safe

Ya wanke motocin.

Laraba, da la'asar

Ummata ta kira. Ban faɗa mata abin bakin gareji ba, cewa kawai na yi muna neman haya. Ta yi salati, ta ce wane ne ya taɓa barin gidan kyauta a birni ya tafi yana biyan bango? Ta ce in yi haƙuri, ɗiyar kirki ba ta raba 'yan'uwa.

Na ce, "Umma, ba raba su zan yi ba. So nake in Dogo ya je gaishe da Yaya ya je da ƙafarsa, ya zauna a kujera, a kawo masa ruwa."

Ta ce, "Ke dai tun kina ƙarama bakinki ya fi ki girma."

Na ce gado na yi. Ta yi dariya ba ta so ba, ta kashe wayar.

Juma'a, da yamma

An kira mu falo. Wani ya gan mu ran Lahadi muna bin dillali, ya kawo rahoto da zafinsa.

Yaya yana kishingiɗe, rimot a hannu. Dogo ya zauna a ƙasa kan kafet, ga kujeru nan birjik. Ni na zauna a kujera. Anti ta zaro mini ido, na yi kamar ban gani ba.

Bai ko kalli ƙanensa ba, ni ya fuskanta. "Amarya, me kika rasa a gidan nan?"

"Ban rasa komai ba, Yaya. Allah ya saka da alheri."

"To me kike nema a titi da rana tsaka?"

Na ce, "Ƙofar da mijina zai riƙe makullinta."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Auta? Auta da ko makullin akwatinsa na makaranta ni nake ajiye masa? Birnin nan ba ƙauyenku ba ne. Wata ɗaya za ku dawo kuna ƙwanƙwasa mini get." Daga nan ya laluba gefen kujera ya jefo wa Dogo wani ɗan akwati. Firam ɗin tabarau ne sabo, mai tsada, irin wanda ake sa wa a gilas ɗin gaba a shagonsu. "Cire wannan abin kunyar daga fuskarka."

Ban-haƙurin ke nan. Na san a wurin Yaya babban abu ya yi, na ga yadda ya kawar da kai yana latsa rimot. Dogo ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Yaya."

Na gode. Wallahi da na buɗe baki a lokacin da sai an fitar da ni da wuya. Na tashi na fita ban yi sallama ba, kuma ban yi nadama ba.

Asabar, da safe

Da sabon firam ya wanke motocin yau. Ya yi masa kyau. Haushi ya hana ni faɗa masa.

Lahadi, da yamma

Mun samu!

Sai da dillali ya gama gajiyar da mu sannan ya ce akwai wani, amma ba kowa yake kai wa ba, don ya ga mu mutanen kirki ne. A ƙarshen wani lungu yake, ciki da falo, da ɗan kicin, da famfo namu na kanmu. Ƙofarsa a lungun take kai tsaye, ba get, ba mai gadi. Mai gidan a wani gari yake zaune, sai shekara ta zagayo ake jin muryarsa. Dogo zai iya takawa zuwa shago, kuma a bakin titi na ga makarantar firamare da allo a jikin katanga, suna neman malamai.

Ga shiru. Har tsuntsaye na ji. A bayan ɗakin akwai wani dogon gini mai rufin kwano da ƙatuwar ƙofar ƙarfe a kulle, bangonmu ɗaya da shi. Na tambayi dillali, ya ce, "Hajiya, katako ne kawai a ciki." Na shaƙi iskar wurin, ƙamshin sabon katako, na ce ai wannan ma riba ce.

Da za mu shiga uwar ɗakin Dogo ya manta da tsawonsa, goshinsa ya daki saman ƙofa, ƙum! Ya dafe wurin, ya kalle ni, sai ya fashe da dariya. Irin ta da, wadda take fitowa daga ciki. Falon ba komai a cikinsa, dariyar ta daki bango ta dawo. Na juya baya ina duba taga don kada dillali ya ga idona.

Dogo da bakinsa ya ce, "Wannan. Mun kama."

Duk abin da muka tara ya tafi, har 'yan kunnena sun bi. Su tafi lafiya.

Talata, da yamma

Makulli yana aljihunsa, amma bai faɗa wa Yaya ba. Na hango shi ta taga ya je ƙofar falo, ya cire takalmi, ya tsaya, ya mayar da takalmin ya dawo. Wai Yaya yana waya.

Laraba, da yamma

Wai Yaya yana da baƙi.

Alhamis, da yamma

Wai Yaya ya gaji. Na ce to ni ma na gaji, bari in je in faɗa masa. Ya tare ƙofa.

"Ke ba ki san abin da nake ji ba," ya ce, murya can ƙasa kamar kullum. "In na tsaya a gabansa harshena nauyi yake yi. Ina ganin ranar da ya ɗauke ni a kafaɗa daga makabarta. Ya zan ce masa na bar gidansa?"

Na ce, "Kamar yadda ka ce wa dillali mun kama."

Ya ce dillali bai goya shi ba.

Na juya masa baya. Tausayinsa nake ji, haushinsa nake ji, duka biyun sun cika mini ƙirji. Amma tafiya ba fashi.

Lahadi, da la'asar, a ɗakinmu

Yaya ya yi tafiya jiya, sai tsakiyar mako zai dawo. Dogo ya ce ga dama ta samu. Ya bar sallahu wurin Anti, muka loda katifa da akwatuna a motar haya muka fito kamar ɓarayi. Ba haka na so ba. Na so mu fita ta gaban mai gida, ido cikin ido. Anti ta ba ni tukunya da tsintsiya, ta ce a kunnena, "Kin fi ni ƙarfin hali, Allah ya sa kada ki fi ni kuka."

Yanzu ina zaune a kan akwati, shayi a hannu, ba labule, ba kujera. Dogo yana waƙa a banɗaki da ƙarfinsa, ba daɗi ko kaɗan. Kada ya daina.

Litinin, da safe

Inna lillahi.

Dogo bai daɗe da fita ba na ji an ja ƙofar ƙarfen nan ta baya, na ji muryoyin maza. Sai wani abu ya yi gurnani, ya ɗauka, ya koma ihu. Kofin da ke kan taga ya fara rawa. Na fito lungu da gudu ba takalmi, na zaci gini ne zai faɗo.

Katako ne a ciki, dillali bai yi ƙarya ba. Abin da bai faɗa ba, injin tsaga katakon ma yana ciki, ƙaton zarto, kuma jikin bangon uwar ɗakinmu aka girke shi. Kullum suna aiki daga safe har rana ta faɗi. Rana ɗaya suke hutu a mako.

Lahadi.

Ni da sharaɗina na sai da mijina. Duk birnin nan ran Lahadi kawai muka san shi.

Litinin ɗin dai, da yamma

Dogo ya dawo ya tarar da ni na cusa auduga a kunne, injin bai tsaya ba tukuna. Ya tsaya a tsakiyar falo ya yi tsuru-tsuru. Na ga bakinsa yana motsi. Na ce me? Ya sake. Na ce me? Sai da ya ɗaga murya ya ce, "NA CE YA ZA MU YI?"

Na ce, "ZA MU CI ABINCI!"

Talata, da rana

Na kira dillali. Ya ce, "Hajiya, kin tambaye ni me ke ciki, na ce katako. Kin tambaye ni ko ana yanka shi?" Ya ce mai gida ba ya mayar da abin da ya karɓa, amma in muna so yana da wani, nan kusa ne. Na wanke shi tas har sai da ya kashe wayar.

Daga nan na ɗaura mayafi na zagaya wurin masu injin. Mai wurin dattijo ne, garin katako ya rufe masa gira da gemu, yatsunsa biyu na hagu babu. Yana ganina ya gane.

"Ke ce sabuwar maƙwabciyar? 'Yata, ran Lahadi ya kawo ku ko?"

Na ce e, Baba.

Ya girgiza kai. "Haka yake yi. Ku ne na nawa ban sani ba. Ni ba zan ce miki zan daina ba, mutanen nan da kike gani da injin nan suke ci. Amma da azahar muna tsayawa, in kina da abin da ke son shiru ki ajiye shi zuwa lokacin. Ragowar katako kuma duk wanda kike so ɗiba."

Na zo da faɗa a bakina, na koma da katakon da zan yi kanta.

Laraba, da azahar

Sun tsaya. Kunnena yana ci gaba da aikin shi kaɗai.

Kaina kamar zai rabe. Garin katako a kan katifa, a cikin shinkafa, a gashina. Na toshe ƙasan taga da tsumma. Na je makarantar bakin titi, shugabar ta ce in fara wata mai zuwa, ta ce tana son malama mai murya. Na ce ta kwantar da hankalinta, horo nake sha a gida.

Umma ta kira tana tambayar sabon wuri. Na ce lafiya lau, shiru kamar masallaci. Da azahar ta kira, ban yi ƙarya sosai ba.

Alhamis, da hantsi

Anti ta zo, wai ganin ɗaki. Injin yana kan ganiyarsa. Ta zauna a kan akwati, ta riƙe kofin shayi yana karkarwa a hannunta, tana kallona ina kallonta. Ta buɗe baki, ta rufe. Da za ta tafi ta ja ni har bakin titi ta ce, "Yayanku ya dawo jiya. Bai ci abinci ba. Zai tambaye ni abin da na gani, kuma kin san ba na iya yi masa ƙarya."

Na ce ta faɗa masa duka, har da ƙurar.

Juma'a, da yamma

Dogo ya ce, "Kina ganin ba mu yi kuskure ba?"

Na ce mun yi. Namu ne.

Na ga yana duba wayarsa, kiran Yaya ne jere, bai ɗauka ba, bai kuma kashe ba. Ina tsoro. Na rubuta, ina tsoro. In ya ce mu koma, ban san abin da zan yi ba, don ba zan koma ba, kuma ba zan bar shi ba.

Asabar, da la'asar

Sai na rubuta wannan tun yana da zafi.

Da hantsi ina wanki a bakin famfo sai ga motar Yaya ta cika lungun, motar ɗaukar kaya tana biye. Har shago ya je ya ɗauko Dogo, kamar ɗalibin da aka kora daga makaranta. Dogo ya fito daga kujerar baya, kai a ƙasa.

Yaya ya shiga falo, ya tsaya, ya ji abin da bango yake yi. Ya shafa taga da yatsa ya duba. Ya fito yana murmushi, ya ɗaga murya: "Wannan ne ƙofar? Auta, kwaso kayanku!" Ya yi wa masu motar alama da hannu.

Na bar wankin na je na tsaya a bakin ƙofa, hannuna duk kumfa. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi magana ba. Ba tawa ba ce wannan.

Bakin Dogo ya motsa. Yaya ya sa hannu a kunne. Dogo ya ƙara. Yaya ya ce, "Me?" Sai na ji Dogo ya yi ihu, jijiyar wuyansa ta tashi: "BA ZA MU KOMA BA!"

Amma Yaya ya girgiza kai yana nuna bango, wai ba ya ji. Ya ji sarai. Na ga idonsa.

Baba mai injin ya leƙo ya ga babban mutum da babbar mota ana ta ɗaga murya, sai ya koma ciki, don ladabi, ya kashe injin. Ihun ya sauka, ya sauka, ya mutu. Ma'aikatan suka fito bakin ƙofar ƙarfe. Matan lungu suka leƙo. Famfon da na bari a buɗe kaɗai ke magana.

Yaya ya gyara tsayuwa, ya matso har ƙirjinsu ya kusa haɗuwa. A hankali ya ce, "Yauwa. Yanzu ina ji. Me ka ce, Auta?"

Cikin ƙara kowa jarumi ne, ni shaida ce. Na kalli hannun Yaya na dama. Dogo ma shi yake kallo. Sai ya cire tabarau, sabon firam ɗin, ya ninke, ya miƙo mini in riƙe. Ya juya ya fuskanci wansa da fuska ba komai a kanta.

"Yaya," ya ce, da muryarsa ta kullum, ba ƙarfi, "duk abin da na zama kai ne. Ba zan manta ba har in mutu. Kowane mako zan zo in gaishe ka. Amma nan ne gidana. Ba za mu koma ba."

Hannun ya ɗaga kaɗan. Wallahi ya ɗaga. Dogo bai kauce ba, bai rufe ido ba. Hannun ya tsaya a hanya, ya koma ya gyara hula.

Yaya ya kalle shi ya daɗe, ya kalli ƙofar, ya kalle ni. Ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce wa masu motar kaya, "Ku juya." Bai yi mana sallama ba. Lungun ya yi wa motarsa kaɗan, sai da baya-baya ya fita, a hankali, kowa yana kallo.

Can Baba mai injin ya yi gyaran murya. Ba ni ya kalla ba, Dogo ya kalla.

"Maigida, in tayar?"

Dogo ya ce, "Tayar, Baba."

Ya shige uwar ɗaki ya zauna a kan katifa, jikin bangon nan. Na bi shi na zauna gefensa. Injin ya ɗauka. Sai ya kifa kansa a cinyata ya yi kuka, kuka mai sauti, da dukan muryarsa, yana kiran Yaya. Duk lungun ba wanda ya ji sai ni.

Na miƙa ƙafa na tura ƙofar ta rufe.